Har A Gama Shinge

"Sha ɗaya ne fa kacal, Wendell. Tumaki sha ɗaya. Me za su yi wa waɗannan dodannin naka?"

"Kashe su za su yi, Mama. Sau nawa zan faɗa miki?"

"Tunkiya ta kashe ɓauna? Kai dai ka ce ka gaji da ganinsu."

Wendell ya dire kofin gahawa a kan tebur har ta fantsala. Ya sake bayanin da ya yi jiya, ya yi shekaranjiya. Likitan dabbobi ne ya ce akwai wata cuta da ke zaune a hancin tumaki, ba ta yi musu komai. Iska ce ke ɗaukarta, ta yi mil biyu ko uku da ita. Ɓauna ta shaƙa, idonta ya yi fari, kwana kaɗan ta faɗi. Ba magani. Ɓauna mata ashirin masu ciki da bijimai biyu suna tafe a satin farko na Disamba, kuma ba za a sauke su ba in da ƙafar tunkiya a gonar.

Ardis Tveit ta goge gahawar da tsumma. Shekarunta saba'in da huɗu, hamsin da ɗaya daga ciki a wannan gona ta yammacin Dakota ta Kudu ta yi su. Mijinta Orrin ya rasu shekara uku ke nan, ya bar ta da gida, da kare, da ragowar garke. A watan Satumba ɗanta ya dawo daga birni da matarsa Renae da takardu cike da hotunan ɓauna.

"Duk ciki gare su," in ji ta. "Na ɗaura wa ragon da na aro alli a ƙirji don ya bar alama a kan duk wadda ya hau, na duba bayan kowacce. Bakwai shuɗi, huɗu ja. Farkon Afrilu za su fara."

"Ba wanda ya ce a rabu da su, Ardis," in ji Renae daga bakin murhu. Muryarta a kullum kamar mai lallashin jariri. "Wajen kawuna Kittelson za a kai su. Mil arba'in ne arewa. Yana da rumfa, yana da ingirici."

"Har yaushe?"

"Har a gama shinge," in ji Wendell. "In na gama, zan yi musu wuri can ƙarshen gona, inda iska ba ta biyowa. Kafin su haihu suna gida."

"Ka ce ka rantse."

"Haba, Mama."

Bai rantse ba. Ita ma ba ta matsa ba, don ɗanta ne.

Ranar da aka loda su, Tip ne ya yi aikin. Ta yi masa fito sau ɗaya, karen ya zagaya ya tattaro su, ya tura su cikin tirela kamar yadda ya saba. Gertie ce ta ƙarshe, tsohuwar tunkiyar da dila ya cinye wa kunne ɗaya tun tana ƙarama. Ta tsaya a bakin tirela ta waiwayo. Ardis ta miƙa wa Wendell takardar da ta rubuta ranar haihuwar kowacce.

"Ka ba Kittelson hannu da hannu. Ka ce masa Gertie ba ta son a taɓa mata gefen da ba kunne."

Ya cusa takardar a aljihun baya ya tayar da mota.

Ɓaunayen suka iso cikin dusar ƙanƙara. Baƙaƙe, kai kamar tukunya, tururi na fita daga hancinsu. Ba a kora su kamar shanu, ba a yi musu tsawa. Wendell yakan shiga gaba da a-kori-kura yana zubar da abinci, su biyo shi in sun ga dama. Shingensu ya fi mutum tsayi, kuma akwai wuta a wayar. Rana ta biyu Tip ya kutsa ta ƙarƙashi zai tattaro su, wata ta bi shi har sai da ya bar gashi a jikin waya. Daga nan aka ɗaure shi a bayan gida da sarƙa.

Ardis ta ci gaba da tashi ƙarfe biyar. Ta sa takalman roba, ta ɗauki bokiti, ta kai bakin ƙofa, sannan ta tuna. Ta ajiye bokitin. Ta wanke kwanon da ta riga ta wanke. Ta zauna, ta tashi. Daga tagar kicin ana ganin rumfar tumaki, ƙofarta a buɗe, iska na kaɗa ta. Ta je ta rufe. Ta dawo ta ga rufewar ta fi muni, ta koma ta buɗe.

"Ka kai ni in gan su," ta ce wa Wendell.

"Lahadi mai zuwa."

Lahadin ta zo, waya ta tsinke a kusurwar gabas. Wata Lahadin, famfon ruwa ya daskare. Ta ce to ita za ta tuƙa kanta, mil arba'in ba komai ba ne, ta yi fiye da haka da ciki wata takwas. Ta nemi makullin motarta a ƙusar da yake rataye tun zamanin Orrin, babu.

"Hanya akwai santsi, Ardis," in ji Renae. "Na adana miki shi. Don ke muke yi."

"To ba ni lambar kawun naki."

"Kurma ne, ba ya ɗaga waya. Zan tura masa saƙo."

Ranar Kirsimeti, suna cin naman ɓauna da dankali, Ardis ta ture farantinta. Wendell ya dube ta, ya dubi matarsa.

"Af, na haɗu da Kittelson a gidan mai," in ji shi. "Ya ce Gertie ta yi ƙiba, da ƙyar take wuce ƙofa."

"Tagwaye ne," in ji Ardis, fuskarta ta washe. "Kullum tagwaye take yi, ja'irar." Ta jawo farantin ta cinye tas, har ta nemi ƙari.

Janairu ya wuce. Shinge ya zagaye gabas, ya zagaye kudu, ya haɗiye hanyar rafi inda take yawo da yamma. Filin da ya rage mata bai fi tsakar gida ba. Tana zagaya shi kamar yadda Tip ke zagaya turkensa, har sawunta ya yi hanya a cikin ƙanƙara.

Tsakiyar Fabrairu ta duba kalanda ta ga lokaci ya yi. Ta kwashe tsohon taki daga rumfa, kwana huɗu tana yi da cokalin haƙa, bayanta na ƙara. Ta shimfiɗa sabuwar tattaka. Ta kakkafa 'yan ɗakunan katako da ake ware mai jego da 'ya'yanta. Ta rataye fitilun ɗumi, ta gwada su ɗaya bayan ɗaya. Ta jera kwalbar aidin na cibiya, da tsofaffin tawul, da bulumboti ko za a sami maraya. Rabon da ta yi barci mai daɗi irin na wannan satin tun Nuwamba.

Tana cikin gyara fitila ta ji motsi. Renae ce a bakin ƙofa, ta ɗaga waya.

"Hoto kike ɗaukata da wannan rigar?"

"Lorna zan tura wa, ta ga ƙoƙarinki."

Washegari Lorna ta kira daga Denver. Ita ce 'yar Ardis ta fari, mai surutu kamar rediyo, amma ran nan a hankali take magana.

"Mama, kina lafiya? Kina cin abinci?"

"Ina ci. Me ya sami muryarki?"

"Ba komai. Mama, yau wace rana ce?"

"Ke da kike aikin ofis ba ki da kalanda? Alhamis."

"To. Wendell ya ce zai kai ki ki ga likita. Ki bi shi, kin ji?"

Ta bi shi, don ta ɗauka maganar bayanta ce. Likitan yaro ne, gashinsa a kwance luf. Ya sa ta zana agogo, ta zana. Ya faɗi kalmomi uku ya ce ta riƙe, ta riƙe. Wendell yana tsaye a bayan kujerarta.

"Me kike yi da rana, Misis Tveit?"

"Shirin haihuwa nake. Tumakina sha ɗaya, farkon Afrilu za su fara."

"Suna ina yanzu?"

"Wajen Kittelson. Sun kusa dawowa."

Likitan bai dube ta ba. Ya ɗaga ido sama da kanta, ya ɗan jima, sannan ya sunkuya ya yi rubutu mai tsawo. Ta waiwaya. Wendell yana kallon hoton huhu a bango.

"Me ya rubuta?" ta tambaya a mota.

"Abin da suke rubutawa."

"Bai ko taɓa bayana ba."

Wendell ya ƙara wa rediyo murya.

Sati na biyu na Maris, wata tsohuwar mota ta shigo gidan tana tari. Wendell da Renae sun tafi gari sayo wayar shinge. Ardis ta san ƙarar tun kafin ta leƙa. Merle Dahlquist ne, mai askin tumaki. Shekara talatin yana zuwa a irin wannan sati, a aske su kafin haihuwa don 'ya'ya su sami nono ba wahala. Bayansa ya tanƙware kamar lauje.

"Tsohuwa, ba ki mutu ba?"

"Ina jiran in ga taka tukuna. Shigo, akwai gahawa."

Ya zauna ya sha, ya ci biskit uku, ya zagi gwiwarsa, ya zagi yaran yanzu da ba su iya riƙe tunkiya ba.

"Daidai ka zo," in ji ta. "Bana sai dai ka bi su wajen Kittelson. Ka tafi da ni in ba ka kunyar a gan ka da tsohuwa."

"Wane Kittelson?"

"Kawun Renae."

"Wannan ai shekara goma ba ko akuya a gidansa. Ni gaisuwa ce ta kawo ni, Ardis. Tun da na gan su a kara na ce sai na zo na ji ko lafiya."

"A ina?"

"A kara, ranar gwanjo, bayan bikin godiya na ƙarshen Nuwamba. Ina zaune aka shigo da su. Na ga shuɗin allinki a bayansu, na ga mai kunne ɗayan nan. Na ce kai, Ardis ta sayar da masu ciki? Kuma mai kai wa mayanka ne ya kwashe su, ba..."

Ya tsaya. Ya dubi fuskarta. Ya dubi taga, inda rumfa take a buɗe, tattaka sabuwa, fitilu a rataye a jere. Ya ajiye rabin biskit ɗin a kan tebur.

"Allah sarki," in ji shi. "Na ɗauka kin sani."

"Sha gahawarka, Merle. Za ta huce."

Bai sha ba. Ya juya hularsa a hannu, ya ce yana da aski a wani gida kafin azahar. Ta raka shi har mota.

Da su Wendell suka dawo ta tare su a tsakar gida, ko naɗin wayar ba su sauke ba.

"Merle ya zo."

Wendell ya tsaya da hannu a kan ƙofar mota.

"Ya gan su a kara. Da cikinsu, Wendell. Da cikinsu ka kai su."

"Mama, mu shiga ciki, akwai sanyi."

"Nan za ka gaya mini."

Ya shafa gemu. Ya ce ba wani wuri a gonar nan da iska ba ta kaiwa, likitan dabbobi ya auna. Ya ce duk abin da ya mallaka yana cikin shingen can, in ɓauna ɗaya ta kamu sauran sun tafi. Ya ce tumaki sha ɗaya ba sana'a ba ce, wahala ce, ga bayanta, ga shekarunta. Ya ce Baba ma da yana nan haka zai yi.

"Kar ka sa ubanka a ciki. Shi in zai yanka rago gaya wa ragon yake yi."

Sai Renae ta matso ta dafa kafaɗarta.

"Ardis, ai mun gaya miki. Tun Nuwamba, a kicin. Kika yi kuka, kika ce to. Kin manta ne."

Ardis ta dubi ɗanta. Ta ba shi lokaci. Wata ɓauna ta yi gurnani can cikin fili, sarƙar Tip ta yi ƙara.

"Haka ne, Mama," in ji shi, idonsa a kan takalminsa. "Mun gaya miki."

"To wa ya ce mini Gertie ta yi ƙiba ranar Kirsimeti?"

"Ban tuna na faɗi haka ba."

"Ashe mantuwar ta gado ce."

Ta shige ciki. Amma maganar ta bi ta. Tana yanka albasa ta tsaya da wuƙa a hannu. An gaya mata? Ta tuna kicin ɗin, ta tuna gahawar da ta fantsala, ta tuna "har a gama shinge." Kukan ne ba ta tuna ba. In mutum ya manta, ai bai san ya manta ba. Ta kira Lorna ta zayyana mata komai daga farko. Lorna ta yi ta cewa "to, Mama," "na ji, Mama," da muryar nan ta asibiti. A coci, matan da suka yi shekara arba'in suna gardamar girki da ita suka fara riƙe mata hannu a matakala. Fasto ya gaya mata sunansa.

Ta daina cin abin kirki. Rigunanta suka yi mata yawa. Ba ta iya zama, ba ta iya kwanciya. Takan shiga rumfa ta kunna fitilun ɗumi ta tsaya a ƙarƙashinsu, ta kashe, ta fito. Renae tana rubuta kowanne a wayarta. Wata rana Ardis ta same ta a ɗakinta da awo, tana gwada faɗin bango.

"Labule zan canja miki," in ji Renae.

"A bango ake rataya labule yanzu?"

Ran uku ga Afrilu, ranar da ta rubuta wa Gertie, ta kwance Tip ta kulle shi a rumfa don kar ya bi ta. Ta buɗe ƙofar shinge ta shiga, ta mayar ta rufe, don ita ba ta taɓa barin ƙofa a buɗe ba. Rafi take so ta gani, inda tumakin ke kwanciya da rana a gindin itatuwa. Ba wani abu ba. Ƙanƙara ta narke, ƙasa ta yi taɓo, tana tafe tana zamewa.

Ba ta kai rabi ba wata ɓauna ta miƙe daga cikin ciyawa. A gefenta ɗan maraƙi ja, jiƙe, ƙafafunsa na rawa. Na farko ke nan a gonar. Ardis ta tsaya. Idonta ya tafi kan cibiyar, ta ga ba a sa mata komai ba, ta ga uwar ta lashe shi da kyau. Ɓaunar ta ɗaga wutsiya sama ta sunkuyar da kai.

Ƙarar a-kori-kura ce ta raba su. Wendell ya shigo da gudu yana hon, ya gitta motar a tsakani, ya finciko uwarsa ya jefa ta ciki. Ƙahon ya sami ƙofar baya, ƙarfen ya lotsa. Ya ja motar nesa ya taka birki.

"So kike ki mutu? So kike a ce ni na kashe ki?"

"Maraƙin namiji ne," in ji ta. "Ka duba shi anjima, ƙafarsa ta hagu ba ta miƙe ba."

Ya kifa kai a kan sitiyari. Ta ga kafaɗunsa suna motsi. Ta ɗaga hannu za ta shafa ƙeyarsa, ta fasa.

Ƙofar motar da ta lotsa ta gama musu aikin. Renae ta ɗauki hotonta. Lorna ta gani, likita ya gani, fasto ya gani. Ba wanda ya tambayi Merle komai, shi ma bai sake biyowa ta hanyar ba. Kowa ya yarda Wendell yana ƙoƙari, ba kowane ɗa ne zai bar birni ya dawo ya kula da uwarsa ba.

Ranar Litinin Renae ta haɗa akwati ɗaya. Riguna, magani, hoton Orrin. Gidan tsofaffi ne a gari, mai tsabta, akwai masu kula dare da rana, har da lambu. Ardis ba ta yi gardama ba. Ta sa rigarta ta coci. Ta shiga rumfa ta zare fitilun daga wuta, ta naɗe wayoyinsu, ta rufe kwalbar aidin da kyau. Ta zuba wa Tip ruwa. Karen ya ja sarƙa har ta shaƙe shi.

Suka sa ta a tsakiya, Wendell na tuƙi, Renae a gefen taga da akwatin a cinya.

"Na ɗan lokaci ne, Mama," in ji Wendell. "Yanzu suna haihuwa, sun fi haɗari. Da sun gama, ƙarshen Mayu, zan zo in ɗauke ki."

"Ɗakinki yana nan yadda kika bar shi," in ji Renae.

Motar ta bi gefen shingen. An gama shi tun sati biyu da suka wuce, sanda bayan sanda, waya a miƙe tana ƙyalli, ya zagaye gonar kaf bai bar ko taki ɗaya a waje ba. Aiki ne mai kyau. Orrin ma ba zai fi haka ba. Can ciki jajayen maruƙa uku suna bin iyayensu.

Wani abu fari ya leƙo daga ƙarƙashin kujera, kusa da ƙafarta. Ta sunkuya ta ɗauko. Takardarta ce, an taka ta, taɓo ya bushe a kai. Bakwai shuɗi, huɗu ja, kowacce da ranarta. Ta miƙar da ita a kan gwiwarta, ta goge taɓon da babban yatsa. Wendell ya gani. Renae ma ta gani, ta juya tana kallon waje.

Suka hau kwalta. Ardis ta ninke takardar gida huɗu ta sa a jakarta.

"Wendell."

"Na'am, Mama."

"In an tambaye ka ina nake, ni ma wajen Kittelson za ka ce ka kai ni?"